Me ya sa kullum yaro ke ɓoye wa iyayensa dodo a fina-finan nan?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da 'ya mai shekara 15, kuma tun hutun da ya wuce na lura cewa kusan duk abin da take kallo a waya iri ɗaya ne: 'yan sakandare a wani ƙaramin gari na Amurka, sai wani abin ɓoye ya kutso cikin rayuwarsu, ko mai shan jini, ko mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci, ko fatalwa. Ban yi gaggawar hana ta ba. Na zauna na kalli zangon farko na Teen Wolf da wani ɓangare na The Vampire Diaries, domin in san abin da zan yi magana a kai. Dodannin ba su dame ni sosai ba, tunda ita kanta ta san ƙirƙira ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yaron nan Scott, bayan kyarkeci ya cije shi a daji cikin dare, jikinsa ya fara sauyawa, shawarar farko da ya yanke ita ce kada mahaifiyarsa ta sani, sai abokinsa kaɗai. Ina tambayar waɗanda suka fi ni sanin harkar: haka duka fina-finan suke, ko kuwa waɗanda na ci karo da su ne kawai? Kuma mene ne dalilin da ya sa masu shirya su suka nace wa 'yan shekara 15 zuwa 17?

Mai_Nazarin_Fim:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Tambayarka ta biyu ita ce ta fi sauƙin amsawa. Masu rubuta irin wannan labari suna amfani da dodo ne a matsayin misali na abin da ke samun yaro lokacin balaga: murya ta buɗe, gashi ya tsiro, fushi ya riƙa zuwa babu dalili, kuma ya ji kamar jikin ba nasa ba ne. Idan ka sake duba Scott da wannan idon, za ka ga rikiɗar tasa balaga ce aka kambama. Tsohon salo ne, domin littafin Carrie na Stephen King ya fito tun 1974, aka mayar da shi fim a 1976, kuma labarin ya fara ne da yarinyar da jinin al'ada ya zo mata karon farko a makaranta alhali mahaifiyarta ba ta taɓa yi mata bayani ba, 'yan ajinsu suka yi ta yi mata dariya, daga nan ne ƙarfin motsa abubuwa ba tare da ta taɓa su ba ya fara bayyana gare ta. Shirin da ya kafa tsarin da sauran suke bi a talabijin shi ne Buffy the Vampire Slayer, wanda aka yi daga 1997 zuwa 2003, zango bakwai, kashi 144. A can an gina makarantar garin Sunnydale ne a kan wata ƙofa da miyagun halittu ke fitowa ta cikinta. A wani kashi na zangon farko akwai yarinya mai suna Marcie wadda malamai da ɗalibai suka yi ta nuna kamar ba ta nan, har ta kai ga ido ya daina ganinta baki ɗaya. Duk wanda ya yi sakandare ya san ɗalibi irin wannan a ajinsu.

UmmuSadiq:
Malam Mai Nazari, bayaninka ya gamsar ta fuskar manufar marubuta, amma yarinya 'yar shekara 15 ba misali take gani ba. Kyakkyawan saurayi take gani wanda ba ya tsufa, ba ya mutuwa, yana da kuɗi, kuma a shirye yake ya kashe kowa saboda ita. Ni na kalli Twilight ina budurwa, jim kaɗan bayan fitowarsa a 2008, kuma sai da na zama uwa na gane abin da na kalla. Edward an mayar da shi mai shan jini ne a 1918, lokacin annobar mura, yana ɗan shekara 17, wato ya haura shekara ɗari a duniya lokacin da yake bin Bella mai shekara 17. Yana shiga ɗakinta da dare ba da saninta ba yana kallonta tana barci, kuma fim ɗin ya nuna wannan a matsayin tsananin ƙauna. Mahaifinta shi ne shugaban 'yan sandan garin, amma shi ne wanda ya fi kowa rashin sanin abin da ke gudana a gidansa. Wannan ɓangaren ne nake jin tsoro, ya fi haƙoran tsotsar jini.

Bakatsine_77:
Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Maganar aƙida ce ta kamata ta zo farko. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa kamar yadda ya zo a hadisin Bukhari da Muslim, kuma aya ta 102 a Suratul Baƙara ta bayyana matsayin masu koyonsa. To ga shirye-shirye da jarumarsu mayya ce ko matsafiya, kuma ita ce ake so mai kallo ya ƙaunata. Chilling Adventures of Sabrina da Netflix ta fitar a 2018 ya kai ga nuna yarinya da ake matsa wa ta sa hannu a littafin Shaiɗan ranar da ta cika shekara 16. Har wata ƙungiya a Amurka mai danganta kanta da Shaiɗan ta kai kamfanin ƙara a kan an kwaikwayi gunkinta a cikin shirin, daga baya suka sasanta. Idan har su da kansu sun ga gunkinsu a ciki, me ya rage mu yi gardama a kai?

Mai_Nazarin_Fim:
Malam Bakatsine, game da Sabrina na 2018 ban da ja, ni ma ba zan bar ƙanwata ta kalle shi ba. Abin da nake roƙo shi ne kada a zuba su duka a kwando ɗaya. A Stranger Things, misali, babu wanda ke tsafi. Labarin ya faro ne daga wani ɗakin binciken gwamnati a garin Hawkins na jihar Indiya­na a 1983, inda gwaje-gwajen da ake yi a kan yara suka ɓarke wata ƙofa zuwa wata duniya. Hukuncinsa ba zai zama ɗaya da na shirin da ake karanta ɗalasimai a cikinsa ba.

Hajiya_Tudunwada:
Tunda an ambaci Stranger Things, bari in amsa wa Baban Ilham tambayarsa ta farko, domin na ga an tsallake ta. A'a, ba duka suke haka ba. Na kalli zangon farko, wanda ya fito a 2016, tare da jikokina biyu. Da yaron nan Will ya ɓace, mahaifiyarsa Joyce ce ta ƙi yarda ya mutu, ko bayan an nuna mata gawa an ce tasa ce. Mutanen gari suka ɗauke ta a matsayin wadda hankalinta ya taɓu, ita kuwa ta rataye ƙananan fitilu a bango, ta rubuta haruffa a ƙarƙashinsu domin ɗanta ya riƙa yi mata magana ta hanyar haskensu, kuma a ƙarshe ita da shugaban 'yan sanda Hopper ne suka shiga can suka ɗauko shi. Na yi hawaye a wannan wurin, domin duk uwa ta san wannan taurin kan. Gaskiya ne yaran sun ɓoye yarinyar nan Eleven a ɗakin ƙasa na gidan su Mike ba tare da iyayensa sun sani ba, don haka abin da ka lura da shi yana nan. Amma matsalar ba ta warware ba sai da yara da manya suka haɗu wuri ɗaya kowa ya faɗi abin da ya sani, kuma wannan ne na tsaya na nuna wa jikokin nawa.

Dalibar_SS3:
Ina neman afuwar iyayena da ke nan, ina so in faɗi yadda mu muke ganin abin. Baba, da ka ci gaba da kallon Teen Wolf, da ka ga cewa mahaifiyar Scott, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta gano gaskiya a zango na biyu. Ta firgita da farko, har ta kasa haɗa ido da shi, amma daga baya ta zama cikin waɗanda suka fi taimaka masa. Mu abin da ke jan mu ba shan jini ba ne. Muna ganin yaro mai wani abu a ransa da yake tsoron idan ya faɗa za a daina kallonsa kamar da, kuma kusan kowace ɗaya daga cikinmu tana da irin wannan, ko faɗuwa jarrabawa, ko wata da ke cin zalinta a makaranta, ko wani da ke damunta da saƙo a waya. Ba fim ne ya koya mana ɓoyewa ba. Muna ɓoyewa ne saboda sau da yawa idan muka faɗa, faɗa ake fara yi mana kafin a ji ƙarshen maganar.

Baban_Ilham:
'Yata, na gode, kuma ba ki yi laifi ba. Maganarki ta shige ni fiye da yadda kike zato. Hajiya, Allah ya saka da alheri, zan nemi wannan zangon in kalla.

Dan_Zangon_Kumasi:
Akwai abin da ban ga an taɓo ba, wato shekarun 'yan wasan. Lokacin da aka fara The Vampire Diaries a 2009, Paul Wesley da ya fito a matsayin Stefan ɗan sakandare yana da shekara 27, Nina Dobrev kuma tana da 20. Saboda manya ne ke saka rigar yara, masu shirin suna samun damar nuna shaye-shaye da kwanciya da tashin hankalin da ba za su iya sa yaro na gaskiya ya yi ba, shi kuwa mai kallo ɗan shekara 14 sai ya ɗauka haka sa'o'insa suke rayuwa a wani wuri, shi ne aka bari a baya. A Stranger Things an ɗauki yara na gaske, Millie Bobby Brown tana da shekara 12 lokacin da zangon farko ya fito, shi ya sa ma zangon ya fi tsabta. Sai dai yaran sun girma, shirin ma ya girma da su, kuma zango na huɗu na 2022 yana da karya ƙasusuwa da ban tsoron da bai dace da ƙaramin yaro ba. Hajiya, a kula da wannan idan jikokin sun nemi ci gaba.

UmmuSadiq:
Wannan gargaɗin yana da muhimmanci, kuma ga inda gizo ke saƙar. A Netflix kowane shiri yana ɗauke da alamar shekarun da suka dace, kuma uba zai iya buɗe wa yaro sashensa daban ya kulle sauran da lambar sirri. Amma yawancin yaranmu ba ta nan suke samu ba. Wurin masu tura fina-finai a waya suke zuwa, ko ƙawa ta tura wa ƙawa a makaranta, kuma a can babu alama babu tambaya, zango takwas ake zuba wa yarinya a katin waya a tashi ɗaya.

Malam_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Nijar, kuma ina so in ja hankali ga bambancin da ke tsakaninmu da waɗanda aka yi wa fina-finan. Yaron Amurka da ke kallon mai shan jini ya san babu shi a unguwarsu. Mu kuwa aljanu gaskiya ne a imaninmu, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani. Na taɓa koyarwa a wata makaranta da 'yan mata suka riƙa faɗuwa a aji suna ihu, ɗaya ta fara, kafin a tashi sun kai goma, har aka dakatar da karatu na kwanaki. Wasu iyaye suka kira masu ruƙiyya, wasu suka kai asibiti, kuma har yau mutanen garin ba su daidaita a kan abin da ya faru ba. Abin da na gani da idona shi ne yawancin waɗanda suka faɗi suna ajin jarrabawa ne, wasu kuma ana maganar aurar da su. Ban ce babu aljani ba, kuma ban ce fim ne ya jawo ba, domin a lokacin kaɗan ne ke da waya. Abin da nake cewa shi ne yarinyar da ta ga irin wannan da idonta, idan ta kalli fim ɗin da wani abu ke shiga jikin ɗaliba, ba wasa take kallo ba.

Mai_Nazarin_Fim:
Malam, maganarka ta tuna mini da Jinn, shirin Larabci na farko da Netflix ta shirya da kanta, wanda ya fito a watan Yunin 2019, kashi biyar kacal. Ɗaliban wata makarantar kuɗi ne daga Amman suka je yawon buɗe ido tsohon birnin Petra a Jodan, sai aljanu biyu suka biyo su, ɗaya yana neman ɓarna, ɗaya yana neman hana ta. An yi ce-ce-ku-ce sosai a ƙasar, har babban muftinsu ya yi tir da shi, mai gabatar da ƙara kuma ya nemi a bincika. Abin lura shi ne ba aljanun ne suka tayar da ƙura ba, sumbata tsakanin ɗalibai da ashar da suke yi ne. Ni a ganina kuskuren masu shirin shi ne sun ɗauko ƙashin bayan labarin Amurka suka lulluɓe shi da sunan aljani, yaran suna magana da Larabci amma rayuwarsu ta Beacon Hills ce, wato irin ta yaran fina-finan Amurka.

Bakatsine_77:
To ka ga abin da nake faɗa. Ko da aka zo ƙasar Musulmi, aljani aka mayar abokin yarinya mai ba ta kariya, alhali aya ta 6 a Suratul Jinni ta yi magana a kan mutanen da suke neman tsari da aljanu, kuma ba alheri aka ce sun ƙara musu ba. Na yarda da Malam Mai Nazari cewa akwai bambanci tsakanin shiri da shiri, na janye kuɗin goron da na yi. Amma uban da zai tantance sai ya san addininsa kuma ya san fim ɗin, kuma iyaye nawa ne ke da lokacin da Baban Ilham ya samu?

Yar_Makarantar_Kwana:
Ina so in tuna mana cewa irin wannan labari bai fara da Amurka ba, kuma ba ta waya ya fara zuwa mana ba. Duk wadda ta yi makarantar kwana a Najeriya ta ji labarin Madam Koi Koi, matar da ake cewa ana jin ƙarar takalminta mai tsini a baranda bayan an kashe fitila. Manyan ɗalibai ne ke ba ƙanana labarin a makon farko, kuma na yi shekara guda ba na iya fita bayan gida da dare sai da rakiya. An ma yi fim a kanta a Netflix a 2023. A Koriya ta Kudu akwai Whispering Corridors na 1998, makarantar 'yan mata ce mai malamai masu tsananin duka da wulaƙanci, da fatalwar wata ɗaliba da ta mutu a nan take dawowa tana shiga aji a matsayin sabuwar ɗaliba. Da na kalle shi, malaman sun fi ba ni tsoro a kan fatalwar, saboda na san irinsu. Haka kuma kakata ta sha yi mana tatsuniyar budurwar da ta ƙi duk samarin garinsu ta ce sai wanda babu tabo a jikinsa, sai ga baƙo kyakkyawa ya zo, ta bi shi duk da gargaɗin iyayenta, sai a hanya ya rikiɗe ya koma dodo. Hajiya UmmuSadiq, ashe ba Edward ba ne wannan?

UmmuSadiq:
Shi ne ƙwarai, 'yar'uwa, amma dubi yadda kowanne ya ƙare. A tatsuniyar kakarki yarinyar da ƙyar ta tsira ta koma gida ta nemi gafarar iyayenta. A fim na ƙarshe na Twilight, na 2012, Bella ta riga ta auri dodon, ta haifa masa 'ya, ita ma ta zama irinsa, kuma wannan aka nuna a matsayin kyakkyawan ƙarshe. Kuma tatsuniya kaka ce ke bayarwa, kina jingine da ita, idan kin tsorata ta san lokacin da za ta dakata. Waya ba ta dakatawa, kashi na gama ƙarewa na gaba ke farawa.

Dan_Zangon_Kumasi:
Ƙaramin gyara ga Malam Mai Nazari, don amfanin masu karatu: Beacon Hills shi ne garin da ake labarin Teen Wolf, kuma ƙirƙirarren gari ne kamar Hawkins da Sunnydale da Mystic Falls na The Vampire Diaries. Forks na Twilight ne kaɗai gari na gaske a cikinsu, yana jihar Washinton. Sannan ina so in ƙara wani abu daga zango na huɗu na Stranger Things da ya shafi maganar Malam na Damagaram. Da aka fara samun gawarwakin ɗalibai, mutanen gari suka ɗora laifin a kan wani saurayi mai suna Eddie, saboda gashinsa dogo ne kuma yana jagorantar ƙungiyar masu wani wasan dodanni na kan tebur, suka ce bautar Shaiɗan suke yi, aka bazama farautarsa alhali ba shi da hannu. An ɗauko wannan ne daga firgicin da ya auku da gaske a Amurka a shekarun 1980, lokacin da aka tuhumi mutane da dama da tsafi ba tare da hujja ba. Mu da muka san yadda ake nuna tsohuwa da yatsa a ce mayya ce don yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta, wannan ɓangaren ya kamata mu kalla da kyau.

Malam_Damagaram:
Haka ne. A makarantar da na ambata ma sai da aka fara raɗe-raɗin sunan wata mata mai sayar da abinci a bakin ƙofa, kuma da shugaban makaranta bai tsaya tsayin daka ba, da an cuce ta.

Baban_Ilham:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Daren jiya na kira Ilham na tambaye ta wanne ta fi so a cikin abin da take kallo, sai ta ce Wednesday, wanda ya fito a 2022, na yarinyar da aka kai makarantar kwana ta Nevermore. Na tambaye ta dalili, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce saboda yarinyar ba ta damu da ko ana son ta ko ba a son ta ba. Ban san tana da wannan damuwar ba, kuma ban ce mata komai ba tukuna, domin na tuna maganar ɗalibar nan ta SS3. The Vampire Diaries dai na ce ta goge shi, na kuma gaya mata dalilina, ta goge ba tare da musu ba, ko da yake na ga ranta bai so ba. Har yanzu ina nan a kan cewa yawancinsu suna nuna iyaye a matsayin waɗanda ake kewayewa. Wanda ya kalli Wednesday har ƙarshe ya gaya mini, yaya dangantakarta da mahaifiyarta take? Na ga kamar ba sa jituwa a kashin farko.

Dalibar_SS3:
Baba, ba sa jituwa da farko, saboda mahaifiyar ta yi wannan makarantar kuma ta yi suna a cikinta, ita kuma ba ta so a riƙa auna ta da ita. A kashi na biyar iyayen sun zo ziyara, aka kama mahaifinta a kan wani tsohon zargin kisa, sai ita da mahaifiyar suka haɗa kai suka wanke shi. Idan za ka kalla tare da Ilham, ka fara daga na ɗaya, domin ba za ka gane na biyar ba sai ka ga abin da ya gabace shi.